Wane faifai zan fara saya a wasan golf na jifa?

Tambaya: Salam Malam. Na ga wani wasa a YouTube ana jifan faifan roba cikin kwando mai sarƙa, wai disc golf. Yayana zai dawo daga Amurka yace in faɗi tsarabar da nake so, in ce ya kawo min faifai mafi gudu da kwandon gaba ɗaya? Daga Anguwan Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Kar ka ɗora wa Yaya kaya, kwandon nan ƙarfe ne, kuɗin awon sa a jirgi kaɗai zai sa ya daina ɗaga wayarka.

Faifan kala uku ne, direba na nisa, na tsakiya, sai putter na jefawa a kwando in ka matso. Kowa direba yake so, amma shi ne ke kunyata sabon shiga, bakinsa siriri ne kuma sai hannu mai ƙarfi yake tashi daidai, in ka jefa da hannun dama bai samu gudu ba zai karkata hagu ya nutse a ciyawa kana tsaye kana kallo. Ka duba lambobi huɗu da ke jikin faifan, ta farko ita ce gudu, kace masa kar ta wuce 5. Putter ɗaya da na tsakiya ɗaya, na kamfanin Innova ko Discraft, sun isheka shekara.

Nauyi kuma, ana ba masu koyo shawarar giram 150, amma mu nan Jos ka san iskar hunturu ba ta da mutunci, marar nauyi sai ta kai maka shi bayan dutse. Ka nemi wajen 165 zuwa 170. Launi ya zama ja ko ruwan lemo, kore dai a'a, damina na zuwa ka yi sallama da shi.

Kwando fa? Shi kansa filin wasan na farko da wani Ba'amurke Ed Headrick ya tsara a Kalifoniya a 1975 sanduna aka kafa ana jifa, sarƙar daga baya ta zo. Ka samu fili da ba jama'a, ka ɗaura tsumma a bishiya tara a madadin kwando, kai da abokanka kuna ƙirga jifa, mai ƙarancin jifa ya ci. In wasan ya kama ku sai ku haɗa kuɗi ku kai wa mai walda hoto a Dilimi, ku ce ya sa sarƙa da yawa don faifan kar ya riƙa dawowa.