Tambaya da Amsa: Takardar Jikin Zare da Lissafin Abin da Saƙa Za Ta Ci

Tambaya: Assalamu alaikum. Tsarin rigar sanyin da nake bi ya ce a sayi dunƙule 8 na ulu mai giram 50. Na sayi 8 na auduga, su ma giram 50, amma zare ya ƙare ban kai hannu na biyu ba. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin yi awo da nauyi, alhali saƙa tsawon zare take ci. Auduga ta fi ulu nauyi, don haka giram 50 nata ba ya kai na ulu tsawo. Duba takardar da aka naɗe dunƙulen da ita, kusa da nauyin za ki ga tsawo a mita ko yadi. A ce ulun da ke cikin tsarin mita 125 ne kowane dunƙule: 8 sau 125, mita 1000 ke nan rigar take so. Idan audugarki mita 85 ce, raba 1000 da 85, za ki samu 11 da ɗoriya, wato dunƙule 12 ya kamata ki saya. In ɗaya da yadi aka rubuta ɗaya da mita, ki maida su awo guda tukuna; yadi ɗaya ya ɗan haura santimita 91.

Da za ki koma ƙaro zare, ki tafi da takardar. Lamba biyu ce a kanta: ta launi da ta rini. Launi ɗaya da aka rina a lokuta dabam yakan ɗan bambanta, kuma ido ba ya kamawa a dunƙule sai an saƙa, sannan layi ya fito ɓaro-ɓaro a tsakiyar hannun riga. Idan ba ki samu lambar rinin da ta dace ba, ki riƙa yin layi biyu da tsohon zare, layi biyu da sabon, har su saje.

Tambaya: Mene ne amfanin ɗan murabba'in da ake zanawa a takardar jikin zare da lambobi a gefensa?

Amsa: Yana nuna ido nawa (wato madaukan zaren da ke kan allura) da layi nawa ke cika santimita 10 da allurar da aka ambata. Zare matsakaici na rigar yara yakan nuna ido 22 da allura mai milimita 4. Wannan awon masu yin zaren ne, hannunki kuwa dabam. In kika saƙa ɗan gwaji kika samu ido 24 a santimita 10, saƙarki ta matse, riga za ta yi ƙaranci, sai ki ƙara girman allura. In 20 ne, ki rage. Alamomin wanki ma suna nan: baho mai lamba 30 ko 40 zafin ruwa ne, hannu a cikin baho wankin hannu kaɗai. Ulun da ba a sarrafa shi don ya jure injin wanki ba, ruwan zafi da cuɗa za su dunƙule shi ya tsuke, kuma ba ya komawa.

Tambaya: Ina son saƙa bargon jariri mai santimita 75 da 90, ba ni da tsari. Yaya zan san yawan zaren?

Amsa: Sayi dunƙule ɗaya ki saƙa ɗan gwaji mai santimita 15 da 15, da irin saƙar da za ki yi a bargon. Wanke shi, ya bushe a shimfiɗe, ki sake auna shi, ki ɗora a kan ma'auni mai nuna giram ɗaiɗai. Faɗinsa 15 sau 15, 225. Na bargon 75 sau 90, 6750. Raba 6750 da 225, sau 30 ke nan. In gwajin giram 9 ne, bargon zai ci giram 270. Ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda bakin bargon, haɗin zare da warwara, ya kusa giram 300: dunƙule 6 na giram 50, duk masu lambar rini ɗaya.

Kada ki yi gwajin da saƙar lami sannan ki yi bargon da mai kitso, domin kitso yana janye faɗi, yana cin zare sosai. Kwarashi ma ya fi allura biyu cin zare, don haka in da shi za ki yi bakin bargon, ki ƙara dunƙule ɗaya.