Zanena 1:100 ne, malami kuma 1:50 yake so

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Ina da zanen gida mai ɗaki uku a sikeli 1:100 (wato santimita 1 a zane daidai yake da santimita 100 a ainihin gini), lakcaranmu ya ce mu haɗa samfurinsa da kwali a 1:50. Na kai shagon fotokwafi aka ɗaga min shi daga A4 zuwa A3, amma da na auna ƙofa sai na ga ba ta kai ba, wlh kaina ya kulle. Ɗalibi daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Toh ai A4 zuwa A3 ba ninki biyu ba ne a tsawo, 141% ne kawai injin yake yi, kai kuma 200% kake buƙata. Ƙa'idar ita ce ka raba lambar sikelin da kake kai da ta wanda za ka koma, 100 a raba da 50 ya ba ka 2, kenan duk layin da ka auna a zanen sai ka ninka shi sau biyu. Da 1:75 aka ce maka, 100 a raba da 75 ne, wajen 133%.

Ni dai na fi son mutum ya rabu da fotokwafin nan gaba ɗaya, ya koma kan ainihin awon ginin, ya mayar da komai milimita sannan ya raba da 50. Ƙofa mai tsawon mita 2.1 da faɗin 0.9 za ta fito 42 da 18, taka kuwa nasan wajen 30 ta tsaya shi yasa ka ga ta gajarce. Bangon bulo inci 9 wato milimita 225 zai zama 4.5, mai inci 6 kuma 3, don haka ka duba kaurin kwalinka tun kafin ka sa reza, nan ne ɗalibai da yawa suke zubar da maki, ɗakuna su matse ba su san dalili ba.

In filin mai faɗin ƙafa 50 da tsawon ƙafa 100 ne, katakon da za ka ɗora gidan zai kai kusan santimita 30.5 da 61. Kuma ka shirya aljihu, tunda tsawo da faɗi duka sun ninka, kwalin da zai ci ninki huɗu ne na 1:100.

Mutanen da za ka tsayar a tsakar gida kar su wuce milimita 34 zuwa 36.