Na'urar da ke buɗe HTTPS: a saya ko a bari?

Tambaya: Ina da shagon intanet a Birnin Kebbi, ɗalibai na zuwa duba sakamakon WAEC da NECO da cike fom. Wani mai sayar da kayan sadarwa yana ta matsa min in sayi firoksi mai buɗe HTTPS, wai zan toshe shafukan batsa kuma in rage cin data. Ya dace in saya?

Amsa: Malam, don shago irin naka, kada ka saya.

HTTPS kamar wasiƙa ce a ambulan da aka liƙe. Firoksi na yau da kullum, wato ɗan aiken da ke tsakanin kwamfuta da intanet, adireshin bayan ambulan kawai yake gani, wato sunan shafin da kwastoma ke nema. Wanda ake tallata maka shi yana yage ambulan ne. Yana tsayawa a tsakani, ya ƙirƙiri satifiket (shaidar da shafi ke nuna wa burauza cewa shi ne na gaskiya) na jabu da sunan shafin, ya warware saƙon, ya karanta, sannan ya sake rufewa ya tura. Hakan ba zai yiwu ba sai an girka satifiket ɗin na'urar a kan kowace kwamfuta da waya.

Abin da ke damuna shi ne bayanan da ke saman kowace buƙata da burauza ke aikawa. A cikinsu akwai layin Cookie da na Authorization, waɗanda su ne shaidar cewa mutum ya riga ya shiga asusunsa. Duk wanda ya kwafe su yana iya shiga imel ɗin ɗalibi ba tare da sanin kalmar sirri ba. Ke nan amanar kowane kwastoma ta koma wuyanka, da wuyan yaron shagon da ke riƙe da makullin na'urar. A 2015 an gano manhajar Superfish a wasu kwamfutocin Lenovo tana yin irin wannan aiki, kuma makulli ɗaya aka sa a dukkansu, da aka fasa shi kowa ya shiga haɗari. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023, wadda ba ta yarda a riƙa tattara bayanan mutane babu hujja ba.

Ko ta fuskar aiki ba za ka more ba. Tun daga Android 7, manhajojin waya ba sa amincewa da satifiket ɗin da mai waya ya girka da hannu, sai in mai manhajar ya ba da dama. Saƙon WhatsApp kuwa a rufe yake daga waya zuwa waya, firoksi ba zai karanta ba.

Toshe batsa ba ya buƙatar duk wannan. Ka sa 1.1.1.3 na Cloudflare a matsayin DNS (mai nemo adireshin shafuka daga sunayensu) a rauta ɗinka, wato na'urar da ke rarraba intanet a shagon, kyauta ne. Don rage cin data, ka yanka wa kowace kwamfuta iyakar gudu. Ƙaramin rauta na MikroTik ya isa.

Tambaya: Ni ce ke kula da ɗakin kwamfuta na wata makaranta a Gusau. Muna amfani da manhajar firoksi ta Squid tana buɗe HTTPS. Shafin banki ya daina buɗewa, kuma an ce wasu shafuka na ganin lambar kwamfutocinmu ta cikin gida. Mu sayi wata na'urar?

Amsa: Malama, ba sai kun kashe kuɗi ba, gyaran saiti ne. Tunda kwamfutocin na makaranta ne, uzurinku ya fi na mai shago, amma a sanar da malamai da iyaye a rubuce.

Squid yana ƙara layuka biyu a saman buƙata: X-Forwarded-For, mai ɗauke da lambar kwamfutar da ta yi nema, da Via, mai bayyana cewa an bi ta firoksi. A saitin, ki sa forwarded_for delete da via off, za su daina fita. Kada ki taɓa layin Host ko Cookie, shafuka za su lalace.

Bankuna, asibitoci da imel kuwa, ki sa su a jerin splice, wato Squid ya duba sunan shafin kawai ya bar saƙon ya wuce a rufe. Sannan ki tabbata yana tantance satifiket na ainihi na kowane shafi, domin idan aka kashe wannan, burauzar ɗalibi ba za ta yi gargaɗi ba ko da shafin na 'yan damfara ne.