Tsohuwar Core i7 ko Core i5 da ta Fi ta Sabunta: Wacce Mai Koyon Python Zai Saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Agege, kuma ina so in fara koyon rubuta manhaja da Python. A Computer Village da ke Ikeja an nuna mini laftof biyu 'yan gwanjo: ɗaya i7-3520M mai RAM (ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) giga 4 da tsohon faifai mai juyawa, ɗaya i5-8250U mai giga 8 da SSD (ma'adanar bayanai mai sauri wadda ba ta juyawa), kuma farashinsu kusan ɗaya ne. Mai shagon ya ce i7 ta fi ƙarfi. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka ɗauki i5 ɗin, domin sunan i7 shi kaɗai ba ya nuna ƙarfin kwamfuta sai an duba zamanin da aka ƙera furosesar, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. A lambobin waɗannan furosesa biyu, alƙalami na farko ne ke nuna zamanin. Wato 3520M ta zamani na uku ce, wadda Intel ya fitar a 2012 da cibiyoyin sarrafa aiki biyu kacal, alhali 8250U ta zamani na takwas ce, ta fito a 2017 da cibiyoyi huɗu, kuma ba ta cin batir kamar waccan, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai aiki a unguwar da ake yawan ɗauke wuta.

Akwai kuma batun Windows. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, sannan Windows 11 tana neman TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta) da furosesar Intel ta zamani na takwas zuwa sama, saboda haka waccan i7 ba ta cika sharuɗɗan ba. Ana iya ɗora mata Linux Mint, wata manhaja da ke maye gurbin Windows, ta ci gaba da aiki, amma ban ga dalilin da zai sa mai farawa ya ɗora wa kansa wannan ɗawainiya ba alhali kuɗin ɗaya ne.

Ita Python kanta ba ta da nauyi. Abin da ke cinye RAM shi ne buɗe VS Code, manhajar da ake rubuta Python a cikinta, tare da shafukan Chrome da yawa da bidiyon darasi a lokaci guda, kuma a nan ne giga 4 ke gazawa, faifai mai juyawa kuma ya ƙara jinkirta komai.

Kafin ka biya, ka buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a gaban mai shagon ka rubuta powercfg /batteryreport, sannan ka buɗe rahoton da za ta fitar ka kwatanta ƙarfin da batirin ya zo da shi daga masana'anta da wanda yake ɗauka yanzu. Idan ya ragu zuwa rabi, ka nemi ragi ko a sauya maka batir. Ka kuma shiga BIOS, wato saitin da ake shiga yayin kunna kwamfuta, ka tabbatar ba a kulle ta da kalmar sirri ba, ka gwada kowane maɓalli da ramukan USB, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar.