Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Bednarek ne ya ja wa Southampton ci tara-tara?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗan Aboabo ne a nan Kumasi, muna da gidan kallon ƙwallo da muke taruwa duk Asabar. Musu ne ya kaure tsakanina da wani abokina, shi ya dage wai Jan Bednarek ɗan wasan bayan nan ɗan Folan shi ne ƙashin tsiyar Southampton, sau biyu ana musu ci tara yana ciki, kuma wai shi ya dishe tauraron Mohammed Salisu ɗinmu na Gana. Na ce ƙarya ne, har mun yi alƙawarin wanda ya faɗi zai sayi waache (shinkafa da wake). Don Allah a raba mana gardama.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. To ka shirya cin waache, amma fa abokin naka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, ci taran nan gaskiya ne kuma sau biyu ne. Na farko Leicester ce ta yi musu a Oktoban 2019 a gidan Southampton, filin St Mary's, na biyu Manchester United a Old Trafford a Fabrairun 2021. Wannan na biyun kam ranar ta Bednarek ce ta baƙin jini, ya ci gida, aka ba da fenariti a kansa, rafali ya ɗaga masa jan kati, duk a dare ɗaya. Ni kaina a wani gidan kallo na Asawase na kalle shi, wani dattijo ɗan United a gabana ya cire hula yana fifita da ita yana cewa a ji tausayin yaran nan haka, alhali bakinsa har kunne.

Amma abin da masu musu ke mantawa, duka wasannin biyu da mutum goma Southampton ta buga kusan tun farko, na Leicester an kori Ryan Bertrand da wuri, na United kuwa ko zufa ba a yi ba aka kori wani yaro Jankewitz, to ka gaya min wane ɗan baya ne zai tare ruwa da hannu a haka? Kuma jan katin Bednarek ɗin daga baya soke shi aka yi da suka ɗaukaka ƙara.

Bednarek an haife shi 1996, a Lech Poznan ya taso, Southampton ta sayo shi 2017 yana ɗan shekara 21. Kusan kaka guda yana dumama benci, ranar da aka fara sa shi a Firimiya, da Chelsea a Afrilun 2018, sai ya ci ƙwallo duk da an doke su 3-2. Wata biyu bayan nan a Kofin Duniya na Rasha shi ya ci wa Folan ƙwallon da ta doke Jafan 1-0, ranar nan da Jafan ta wuce ta bar Sanagal saboda yawan katin gargaɗi, har yau abin na min ciwo wallahi. Ban da ɗan aron da aka ba Aston Villa shi a 2022, wanda bai yi armashi ba ya dawo a Janairu, shekara takwas ya yi a kulob ɗin, ya faɗi da su daga Firimiya 2023, ya hauro da su 2024 bayan sun doke Leeds a Wembley, suka sake faɗuwa 2025. Kociyoyi sun zo sun tafi kowa na sa shi. Mutumin da ba shi da amfani ba ya daɗewa haka a Ingila, kuma da ya tashi tafiya Porto ta Fotugal ce ta ɗauke shi a 2025, inda ya haɗu da ɗan ƙasarsu Jakub Kiwior da ya zo daga Arsenal.

Batun Salisu kuwa, nan abokinka ya kauce hanya. Mohammed Salisu ɗan Kumasi ya zo daga Valladolid ta Sifen a 2020, kuma ranar ci taran United ko wasa ɗaya bai buga wa Southampton ba tukuna. Da ya fara, ba kishiyoyi ba ne, shi ɗan ƙafar hagu ne Bednarek na dama, gefe da gefe suke tsayawa. Ni a ganina Salisu ya fi shi zafin nama da iya ƙwace ƙwallo, shi kuma Bednarek ya fi jimiri, irin masu sa kai da ƙirji su tare shot ne. Salisu ya ci wa Gana ƙwallo a kan Koriya ta Kudu a Katar 2022, ya koma Monaco 2023, wane dishewa kuma?

Ka ce wa mutumin a sa ƙwai da taliya a waachen, kifi ma kar ya yi rowa.