Amsa ga mai tambaya kan zuwa filin Maple Hill karon farko

Ɗan'uwa, ka ce wata shida ke nan kana wasan golf ɗin faifai, wato jefa faifai har ya shiga kwando da mafi ƙarancin jifa, a wani fili buɗaɗɗe kusa da gidanka, yanzu abokan aiki sun gayyace ka Maple Hill da ke Leicester a jihar Masachusets ta Amurka, kana so ka san shirin da za ka yi. Na shekara huɗu ina wannan wasa, na kuma je filin nan sau uku.

Ka bar faifan nisa, mai kaifin bakin nan, a cikin jaka. Na san shi ka fi so, don a fili buɗaɗɗe shi ke sa a yi maka tafi. Amma Maple Hill gonar bishiyoyin Kirsimeti ce haɗe da kurmi da tafkuna, kuma a zango da yawa (zango shi ne daga wurin jifa zuwa kwando) hanyar faifai 'yar siririya ce tsakanin itatuwa. Idan da hannun dama kake jifa ta bayan hannu, faifan nisa yakan karkata hagu sosai in ƙarfinsa ya ƙare, kuma hagun nan sau da yawa kurmi ne. Faifan matsakaicin nisa ba ya da wannan taurin kai, inda ka nufa nan yake bi. Zuwana na biyu da shi da faifan kusa da kwando kawai na yi yawancin zanguna 18 na filin, kuma yawan jifana ya ragu ƙwarai a kan na farko.

Zangon farko ta kan ruwa ake jefawa. A zuwana na farko zuciya ta ɗebe ni, na saki duk ƙarfina, faifai ya tashi sama ya juya ya faɗa tafki. Ya yi mini ciwo, don shi ne faifan da na fara koyo da shi. A ƙa'idar PDGA, hukumar da ke kula da wannan wasa, in faifai ya faɗa wurin da aka haramta, jifa ɗaya ake ƙara maka, ga kuma asarar faifai. Saboda haka ka tafi da wani tsoho wanda ba za ka yi baƙin cikin rasa shi ba, ka kuma rubuta sunanka da lambar wayarka a bayan kowanne.

Filin yana da tsari kala-kala: ja, fari, shuɗi, da na zinariya irin wanda ƙwararru ke yi lokacin gasar MVP Open. Don Allah ka zaɓi ja, shi ya fi sauƙi. Ko abokanka sun ce shuɗi za su yi, ba abin kunya ba ne, kwando ne dai da sarƙa a ƙarshe.

In faifai ya shige kurmi, kada ka nemi wata 'yar kafa tsakanin rassa. Ka fito da shi gefe zuwa kan hanya. Jifa ɗaya ka rasa, maimakon uku. Kuma ka riƙa bin faifan abokin wasanka da ido har ya sauka, shi ma zai yi maka haka, tunda minti uku kacal ƙa'ida ta bayar na neman wanda ya ɓace.

Ana biyan kuɗi, kuma gara ku kama lokaci ta intanet tun kafin ranar. Sa takalmi mai riƙe ƙasa da dogon wando, akwai hawa da gangara, akwai kuma kaska a dazukan yankin, wadda ke ɗauke da cutar Lyme. Da ka koma gida ka duba jikinka sosai, musamman bayan gwiwa da ƙugu.