Tsohuwar tarakta mai wahalar tashi da safe

Malam, ka ce Massey Ferguson 135 da ka gada a Daura tana wahalar tashi, kuma kanikawan da suka san ta sun yi ƙaranci. Injinta na Perkins mai silinda uku ba shi da rikitarwa. Fara da filtar gas, domin gas ɗin jarka yakan zo da ruwa da datti. Bayan ka canza ta, ka sassauta ƙusar fitar da iska, ka yi ta buga ɗan famfon hannu har kumfa ta daina fitowa. Sannan ka kankare kawunan batir. Yawan murza makulli yana ƙona sitata, a kiyaye. Famfon injekta kuwa, wato mai tura gas zuwa silinda, ba aikin gida ba ne, ka kai shi wurin masu na'urar gwaji a Katsina.